Hannun Marini Ranar Ƙuri'a

Shekarar da aka ce za a zaɓi mutanen da za su zauna majalisa a Ikko, Arewa da Kudu ɗaki guda kafin Turawa su tafi, ban san ko bihim ba. Sai da na yi jikoki na shiga ajin manya. Amma kunnena lafiya lau yake, kuma na ji sarai cewa mu matan Arewa ba mu da ƙuri'a.

Ƙanwata da ke aure a Ƙonni, ƙasar da Faransa ke mulki, ta zo ganin gida ta ƙara mini gishiri.

"Yaya, mu can har na jefa. Wakilanmu ma har majalisar Faransa sun zamna. Ku mi kuka jira?"

Na ce ta ci tuwonta ta rufe mini baki. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Gidanmu ƙuri'a ɗaya gare mu, ta maigidana, na kuwa ƙudura ba za ta tafi banza ba.

Shi marini ne. A Ƙofar Rini yake aiki, a Unguwar Rogo muke kwana, kuma duk layinmu shi kaɗai ke da hannu shuɗi har gwiwar hannu. Yana son ɗan adawa. Mai unguwa kuwa ya riga ya bi gida gida yana cewa wanda ya kauce wa ɗan takararsa za a san shi. Maigidana ya tsorata: in ya taɓa takardar ƙuri'a, shuɗin baban rini zai fito a jikinta, a buɗe akwatin adawa a gane shi, a raba shi da karofinsa.

"To ba ni zuwa," in ji shi.

"Za ka, Malam. Miƙo hannun."

Da safen zaɓe na zaunar da shi bakin rijiya. Toka, lemon tsami, yashi, dutsen goge kaushi, babu abin da ban sa ba. Yana cije baki ina dirza. Fata ta yi fari-fari, har jini ya tsattsafo, sai dai farata da kan babban yatsa suka ƙi. Na ce ya isa haka, ya tafi.

Rana ba ta yi tsaka ba maƙwabciyata mai fura ta faɗo gidan ba sallama.

"Sun riƙe Malam. Wai ya jefa ya dawo."

Ashe duk wanda ya jefa, tawada ake shafa masa a babban yatsa. Malamin zaɓen baƙo ne. Da hannun na nan yadda yake, da makaho ma ya san marini ne. Yanzu ga hannu fes, ga yatsa baƙi.

Na ɗauki ƙwaryar da na wanke shi ciki, ruwan na nan shuɗi, na ja mayafi na fita. Filin makarantar maza ne zalla. Na hango shi tsugune gindin bango, ɗan doka tsaye kansa da igiya a hannu.

"Ke, ba wurin mata ba ne," in ji ɗan dokan.

"Na sani, an gaya mini tun bara." Na dire ƙwaryar gaban teburin malamin zaɓen. "Malam, dubi. Wanga ruwa tawadarku ce?"

Malamin ya duƙa yana duba ruwan. Sai ga mai unguwa ya ratso layi, yana tsoron kada ƙuri'a ɗaya ta kuɓuce masa.

"Marini ne, mutumina ne. Ku bar shi shi shiga."

Aka buɗe wa maigidana hanya. Ya karɓi takardar da gefen rigarsa, ya shige bayan zana inda akwatunan suke, kowane ɗan takara da nasa. Na tsaya ban motsa ba har ya fito, aka shafa masa tawada kan baba.

A hanya mai unguwa na binmu a baya da fara'a, yana ta sa masa albarka. Sai da muka shiga zaure na tambaye shi.

"Wane akwati?"

Ya leƙa waje, ya dawo da kansa.

"Namu, na adawa," ya ce. "Samo mini man shanu, hannuna zafi shikai."