Ni Na Kira Wa Yayana Gangar Noma

A shekarun da wannan abu ya faru ina awon wake da gyaɗa a kasuwar Gidan Rumji. Mutum ne ni mai baki da saurin yanke hukunci, na ɗauka babu abin da ba ya gyaruwa in an matsa masa. Yayana ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, da hauyarsa ya sa ni lakol, wato makarantar boko, da ita ya yi mini aure. A ƙauyenmu, can wajen Cadakori, in aka yi gayya shi ke fara kai ƙarshen gona, har makaɗan noma suna da takensa na kansa. In ana yi masa kirari ni ke hura hanci, kai ka ce ni na yi noman.

Wata kaka ya yi masassara mai zafi. Masassara ta tafi, ƙarfi bai dawo ba. Ya kwana ya tashi kamar bai runtsa ba, gaɓoɓi na ciwo, ana cikin magana da shi ya manta farkonta. Ba abin da ban ɗura masa ba, sassaƙe, rubutu, ƙarin ruwa, har ƙwayoyin ƙarfi na 'yan talla. Da ya kusa shekara a haka na kai shi asibiti a Maradi. Lokotoro ya yi awo iri-iri bai ga wata cuta ba, sannan ya zaunar da mu ya ce wannan ciwon gajiya ne mai naci, wanda kan biyo bayan masassara, kuma babu allurar da ke cire shi. Ya ba da maganin ciwon jiki da na gyara barci, ya ce babban maganin shi ne yaya ya san iyakar ƙarfinsa, ya yi abu kaɗan ya huta, ya tsaya tun kafin ya gaji. Ya ja kunnenmu cewa in ya wuce iyaka ba a ranar zai gani ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma yana iya komawa baya fiye da inda ya faro. Ni dai a raina na ce mun sha wannan doguwar hanya don a ce mana mai gajiya ya huta.

Matarsa ce ta riƙe maganar. Ita ke raba masa yini, ita ke sallamar masu dubiya in sun daɗe. Kafin bazara ya fara takawa masallaci azahar da la'asar, ya zauna gindin bishiya yana tufka igiya, har dariyarsa ta dawo. Ban ga wannan a matsayin sauƙi ba. Abin da ke cina shi ne a tambaye ni a kasuwa, wai da gaske gwarzon nan ya koma tufkar igiya? Na yanke cewa zuciyarsa ce ta mutu, kuma ni na san abin da zai tashe ta.

Da damina ta kankama na kira gayya a gonarsa. Da nan na tsaya da na yi aikin lada. Amma sai na ɗauko makaɗa, na ce su je ƙofar gidansa su buga takensa har sai ya fito. Matarsa ta tare ni a zaure tana roƙona don Allah, tana tuna mini maganar lokotoro. Na ce mata ita ta mai da shi tsohuwa. Ganga ta yi ta kira, ya fito yana dafa bango, ya karɓi hauya. Tun hantsi har azahar yana gaba, mata na guɗa. Na yi hawayen murna, na bi mutane ina cewa na gano maganin da Maradi ta kasa.

A kwana na biyu ludayin fura ya gagare shi ɗagawa. Haske na damunsa, ko ƙarar daka ba ya iya jurewa. Da na koma wurin lokotoro bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi abin da ya ji tsoro ke nan, kuma ba wanda zai iya alkawarin yaushe zai farfaɗo. Damina uku ke nan. Masallacin da katanga ɗaya ta raba shi da gidansa bai ƙara shigarsa ba, a kwance yake salla.

Bara na durƙusa bakin gadonsa na nemi gafara, na ce na ɗauka kiɗan ne ya dawo masa da ƙarfi. Da ƙyar ya ce mini kiɗa bai ba shi komai ba, tun yana ɗaura ɗamara ya san abin da zai biyo baya. Ya fito ne don na tara jama'a, ba ya so a ce ƙanensa ya kira shi ya ƙi amsawa.

Ya yafe mini, ni ne na kasa yafe wa kaina. Na koyi cewa akwai ciwon da ba ya nuna kumburi ko jini, kuma mai shi ya fi kowa sanin inda ƙarfinsa ya tsaya. Duk mai irin wannan majinyaci a gida, ku kai shi a duba shi, ku riƙe abin da aka faɗa muku, kada ku kira shi rago, kada ku sa kunya ta tashe shi tsaye. Ni gari guda na tara wa yayana da makaɗa, alhali abin da yake bukata mutum ɗaya ne da zai ce masa, yaya, zauna ka huta.