Baƙin Hayaƙi Ranar Suna

Ni dai bakina ne ya ja mini, ba kowa ba. Shekarar da na samu ɗan aikin ofis a Abuja na kama haya a Suleja, wajen Hashimi, a gidan wani Alhaji, dattijo mai son hira kamar me. Kullum da yamma, bayan cunkoson Madalla ya gama tatse ni, sai in tarar da shi a kan tabarma a ƙofar gida. Ba ya barin mutum ya wuce da sallama kawai.

A kwatas ɗin reluwe na Minna aka haifi Alhaji. Mahaifinsa direban jirgin ƙasa ne tun zamanin jirage masu cin kwal suna fesar da tururi, kuma har Alhaji ya tsufa bai warke daga wancan zamani ba. Ya iya kwaikwayon kukan jirgi idan ya tunkaro tasha, ya iya na jirgin da ya ɗauko kaya yana hawan tudu da ƙyar. In ya ce "direba", sai ka ga ya gyara zama.

Ranar da ya fara ba ni labarin, ina zaune cikin kaftanina mai guga, kawai na ji bakina ya ce, "Ai Alhaji, ni ma mahaifina direba ne."

Ƙarya ce tsagwaronta. Baba fayaman ne, wato mai tsayawa kusa da direba da shebur yana ɗura wa wutar jirgi kwal. A tsarin aikin, fayaman in ya daɗe shi ake ɗagawa ya zama direba. To Baba yana gab da samu sai jiragen dizal suka shigo, aka kashe wutar na kwal. Ya koma gidan burodi a Zariya yana hura wuta, da wannan ya yi mana makaranta. Ni ne auta, ban taɓa ganinsa a kan jirgi ba. Tabon ƙunar da ke hannuwansa kawai na sani.

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Ina! Kullum sai na ƙara gishiri. Na ɗinka wa Baba farar riga, na sa masa hula, na rataya masa agogon aljihu. Har na taɓa sa shi ya taka burki saboda garken shanu, fasinjoji suka sauko suna sa masa albarka. Alhaji ya daina kiran sunana, ya koma ce mini "ɗan direba", yana matsa mini wuri a tabarma. Ni kuwa ina hura hanci kamar da hannuna na ja jirgin.

Shekara biyu muna haka sai Allah ya yi wa Inna rasuwa. 'Yan'uwa suka ce Baba ba zai zauna shi kaɗai ba, ya dawo wurina. Matata tana da tsohon ciki lokacin. Da na gaya wa Alhaji, har tsaye ya miƙe don murna. Ni kuma na shiga tunanin ƙaryata.

Washegarin zuwan Baba na shiga ɗakinsa bayan ya karya. Na yi ta kame-kame, ya kwanan baƙunta, ya ƙafar, katifar ta yi? Can dai na daure.

"Baba, mai gidan nan zai zo gaishe ka. In ya tambaye ka aikin jirgi, don Allah ka ce direba ka yi."

Ya dube ni. Na zaci zai zage ni, kuma wallahi da zagin ya fi mini sauƙi. Sai ya juya tafin hannunsa ya duba, ya sake juyawa.

"To, Auta," ya ce. Shi ke nan.

Duk da haka ban yarda na haɗa su ba. Wajen wata guda ina gadin tsohona kamar mai ɓoye kayan sata. Alhaji ya leƙo, in ce Baba yana barci. Ya dawo, in ce ƙafa ta motsa. Ran da nake wurin aiki kuwa matata na bar wa gadin, tana yi tana harara ta.

Baba ba mai fita ba ne. Aikinsa ya zauna a tsakar gida yana kallon hayaƙin maƙwabta yana tsaki. A wurin mutanen jirgi, in ji shi, baƙin hayaƙi abin kunya ne. Alama ce fayaman ya yi lalaci, ya jibga kwal lokaci guda ya shaƙe wuta don ya samu ya zauna. Tun daga nesa 'yan tasha za su hango, su san wane ne a kan shebur. Ita wuta kaɗan-kaɗan ake ba ta, a kai a kai, kowace kusurwa da rabonta. Tun ina yaro nake jin wannan karatu, ban taɓa sa shi a kaina ba.

Matata ta sauka lafiya, namiji, na sa masa sunan Baba. Ranar suna kuma babu maganar ɓuya. Tsakiyar damina ce, an kwana ana ruwa, itacen da na sayo ya jiƙe sharkaf. Mata suka ɗora manyan tukwane uku a filin gefen gida, mu maza muna ƙarƙashin rumfa. Matan suna ta cusa itace, suna fifita da faifai, wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe ya nufo rumfa. Baƙi suka shiga tari da share ido.

Ana cikin haka Alhaji ya jawo kujera har jikin ta Baba. Ina tsaye kusa da su riƙe da farantin dabino.

"Baba, sai yau Allah ya yi," in ji Alhaji. "An ce kai ma ka ja jirgi."

Baba ya ɗaga kai ya nemo ni da ido cikin jama'a.

"Haka yaron nan ya ce."

Alhaji ya yi dariya, ya ɗauka kawaici ne irin na manya. Ni na san ba shi ba ne. Baba bai yi ƙarya domina ba, bai kuma tona mini asiri ba, kayana kawai ya miƙo mini a gaban mutane.

Alhaji ya ci gaba da tambayoyi, amma hankalin Baba ba ya wurin. Idonsa na kan hayaƙi. Ya yi tsaki sau ɗaya, ya yi na biyu. A na uku ya dafa gwiwa ya miƙe. Mutumin da sai an riƙe shi yake hawa dakali, ga shi ya nufi filin girki, ya sunkuya ya ɗauki shebur ɗin da magina suka jingine a bango.

"Ku ɗan matsa, 'ya'yana," ya ce wa matan.

Ya zare rabin itacen ya watsar gefe, ya buɗe wa iska hanya ta ƙasa. Sannan ya sa aka jawo buhun gawayi, ya tsaya tsakaninsa da murhu, ya kafa ƙafafunsa, bai sake ɗaga su ba. Ƙugunsa kawai ke juyawa. Ya ɗebo kaɗan, ya juya, ya karkata bakin shebur, gawayin ya tafi can kusurwar baya. Ya sake ɗebowa, kusurwar gaba. Ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi a waje ba. Kafin ka ce me hayaƙi ya washe, wuta ta kama jawur, mata suka rangaɗa guɗa.

Na waiwaya na ga Alhaji a tsaye, baki buɗe.

"Wannan ba tsayuwar direba ba ce," ya ce. "Fayaman! Wallahi fayaman ne!"

Na so ƙasa ta tsage in shige da farantina. Ina jiran a yi mini dariya, sai na ga Alhaji ya tattare babbar rigarsa, ya shiga cikin caɓi, ya durƙusa gaban Baba yana gaishe shi. Ya ce a gidansu ba a taɓa buɗe kwanon mahaifinsu sai an tabbatar an kai na fayamansa, domin duk tudun da jirgi ya hau, da ƙashin bayan fayaman ya hau shi. Suka koma rumfa riƙe da hannun juna suna lissafo tashoshi. Baba yana dariya har da hawaye. Rabona da jin dariyarsa tun kafin rasuwar Inna.

Ba wanda ya yi mini gori. Alhaji bai sake kirana ɗan direba ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Matata ce kawai, in na daɗe ina fama da kunna risho, take cewa, "Sannu direba." Da na je ba Baba haƙuri, cewa ya yi hayaƙin ne ya yi yawa, ya kasa daurewa. Wai shi ne ma yake ba ni haƙuri.

Bayan damina Alhaji ya ce lallai sai mun kai Baba Minna ya ga tsohon kan jirgin da aka ajiye don tarihi. Muka je a motarsa. Baba ya zagaya shi a hankali yana shafa ƙarfen, kamar mai duba jikin doki. Aka ba mu izini, muka tallafe shi ya hau. Ya sunkuya ya leƙa bakin wutar da ta daɗe da mutuwa, ya jima a haka.

Na sauka na ciro waya, na ce ya tsaya in ɗauke shi hoto in ajiye wa takwaransa. Ya gyara hula, ya dubi wurin direba, ya dubi ɗaya gefen, sannan ya dube ni. Ba gatse a muryarsa, tambaya yake yi tsakani da Allah.

"Auta, a ina kake so in tsaya? Gefen direba, ko nawa?"

Hoton yana nan a falo har yau. Na dai samu na ce, "Naka, Baba."