Keken Oga Pam a Hawan Tudun Wada

Jiya da yamma ina tsakiyar hawan nan na Tudun Wada, kekena mai caji yana ta nishi kamar kullum, sai ga maƙwabcina Oga Pam ya wuce ni fuu a kan nasa. Ya daɗe yana yi min haka, har na samo mai sayen nawa don in sayi irin nasa.

Na tarar da shi a saman tudu, rigarsa sharkaf da gumi duk da sanyin garin nan. Na ce, "Oga, wane irin batir ne a keken nan?"

Sai da ya gama haki ya ce, "Malam Sani, batir ai ya mutu tun bikin Ista. Ƙafa ce kawai."

Na ce, "To gudun na mene ne?"

Ya ce, "Kunya mana, kullum kana bayana. Kai ko feda ba ka taɓawa. Irin naka nake nema."

Gobe mai sayen zai zo, kuma na fara zargin Oga Pam ne ya turo shi. Jama'a, in sayar ko in riƙe abina?