Mutum na Goma Sha Biyu

Odessa Whitlow ba ta iya shiga wuri ba ta ƙirga kawuna ba. Ciwon sana'a ne. Shekara ashirin da tara tana jan bas mai lamba goma sha huɗu, daga babban asibiti zuwa bakin kogi ta dawo, ido ɗaya a titi ɗaya a madubi. Ko a coci ta zauna, kafin a ɗaga waƙar farko ta san mutum nawa ne a kowane benci. Doguwar mace ce mai murya, irin wadda idan ta ce a matsa baya, har wanda bai shigo ba sai ya ja da baya.

Tasha ta tara a hanyarta ita ce ƙofar kwalejin gari. Mu nan ba ma wahalar da bakinmu da dogon sunan da ke jikin allo, Katifa muke ce mata, domin masana'antar katifa ce kafin hukumar gari ta saye ginin a 1967 ta zuba masa kujeru. Ba a tambayarka shekarunka ko irin sakamakon da ka kawo, in ka zo an ɗauke ka. 'Yan manyan jami'o'i suna yi mana dariya, wai ko barci ka je yi za a ba ka takarda. Su yi ta yi. Rabin ma'aikatan jinyar da ke yi musu allura daga Katifa suka fito.

Odessa ta shiga a 1973, lokacin ba a biyan ko sisi sai kuɗin littattafai. Karatun shekara biyu ne, kuma ta kusa kai shi, saura darasi ɗaya tak, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifiyarta. Ta ajiye littafi ta nemi aiki, daga wanki a otal har ta kai ga sitiyari. Aure ya zo, 'ya'ya suka zo suka tafi, miji ya rasu. Ta gilashin bas ta ga an fara karɓar kuɗin makaranta, an ƙara, an sake ƙarawa. Ta ga layin rajista ya kai kwanar titi a shekarun da masana'antu suka sallami mutane, ta ga ya tsuke duk lokacin da aiki ya samu. Ba sai ta buɗe jarida ba, yawan masu sauka a tasha ta tara ke gaya mata halin da gari yake ciki.

Darasin nan ɗaya kuwa bai taɓa barinta ba, kuma ba ta ɓoye cewa yana ci mata rai. Da ta cika sittin da ɗaya, ritaya na jiranta a watan Yuni, sai ta ga in ba yanzu ba shi ke nan, domin ƙungiyar direbobi tana biya wa mutum darasi ne muddin yana bakin aiki. Ta shiga ofishin rajista da kayan aikinta a jiki. Misis Dombrowski, wadda ta tsufa a bayan tagar nan, ta sauka ɗakin ajiya ta tono takardunta na shekara arba'in, ta ce duk suna nan da ransu. Abin da ya rage darasin kimiyya ne, kuma guda ɗaya ake yi ranar Asabar, ranar da Odessa ba ta tuƙi: ilimin duwatsu. Sai dai akwai doka. Ajin da bai kai mutum goma sha biyu ba zuwa ƙarfe huɗu na Juma'a, soke shi ake yi, sai baɗi. Har da ita, tara ne.

"Saura uku kenan," in ji Odessa. "Ni da nake cika kujera arba'in kafin gari ya gama wayewa."

Ta fara da Yesenia, mai share-share a asibiti, wadda ta shekara biyu tana yawo da fom a jaka tana jin tsoron miƙa shi. Odessa ta tsaya a tasha ta tara, ta buɗe ƙofa, ta ce bas ba zai motsa ba sai ta sauka. Ta sauka. Ta biyu ba ta ba ta wahala ba, maƙwabciyarta ce Vernell, wadda da ta ji cewa wanda ya wuce sittin da biyar ba ya biyan komai, ta ce ko ilimin ƙwari ne a rubuta ta.

Na uku shi ne Dattijo Purvis Tate, tsohon magini, aminin marigayi mijinta, ɗan shekara saba'in da ɗaya. Kullum da safe yana kujerar gaba, ya tafi cin ƙwai da burodi a shagon bakin kogi, aikinsa a hanya gyara mata tuƙi. Da ta kawo masa maganar ya yi dariya har da buga sanda.

"Direba, ni za a koya wa dutse? Bangon gabas na makarantar nan, wa kike tsammani ya ɗaga shi?"

"To ka zo ka gaya wa malamin, ka huta da gaya mini. Kunnuwana sun gaji."

Ya je ya cike fom, ya dawo yana taƙama. Odessa ta sayi sabon littafin rubutu.

Ranar Laraba Misis Dombrowski ta kira ta, ta ce sha ɗaya ne. A fom ɗin akwai akwati biyu, na ɗalibi mai ɗaukar jarrabawa, da na mai saurare kawai, wanda zai zauna a aji ba jarrabawa ba maki. Akwati na biyun Dattijo ya zaɓa, kuma mai saurare ba ya shiga lissafi.

A nan Odessa ta yi kuskure, irin na mutanen da suka sha wahalar kuɗi har suka ɗauka kowace matsala kuɗi ce. Safiyar Alhamis, a gaban fasinjoji, ta ce masa in wani ɗan kuɗi ne yake gudu ya bar mata, za ta biya. Dattijo ya ja igiyar ƙararrawa, ya sauka cikin ƙanƙara saura tasha uku a kai shagon da yake karyawa. Ranar Juma'a kujerar gaba ba kowa, ita kuwa sau biyu tana wuce masu jira ba ta gan su ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ƙarfe uku ta miƙa bas ta nufi Katifa, da niyyar roƙon a yi mata alfarma ko da ta san ba a yi. Sai ga shi tsaye a jikin bangon gabas, hula a hannu, yana bin layin bulo da babban yatsa. Ta ba shi haƙuri kai tsaye, don ba ta iya kwana-kwana ba. Ya ce ba kuɗi ba ne, ya san kyauta ne. Jarrabawarsa ta ƙarshe yana ɗan shekara sha huɗu ne a ƙauyensu can kudu, malami ya karanta makinsa da ƙarfi aji ya fashe da dariya, ya fita bai sake komawa ba. Wata bakwai ya yi yana aikin ginin nan, kuma daga ranar da aka buɗe shi bai taka ƙofar gaba ba sai wannan makon.

"Zama zan iya, saurare zan iya," in ji shi. "Amma a ba ni takarda a gaban jikokina, in faɗi?"

Tausayinsa ya kama ta, amma agogo ma yana kama ta. Ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, ita ma rabonta da jarrabawa shekara arba'in, ta yiwu su faɗi tare. In ya ƙi, gobe ma za ta buɗe masa ƙofar bas. Ta juya ta shiga ciki. Ba ta waiwaya ba, amma kunnen direba ne da ita, ta ji sanda tana bin ta a baya.

A taga Misis Dombrowski ta zaro fom ɗinsa ta ajiye masa biro. Ya daɗe yana kallon akwatunan nan biyu.

"Baiwar Allah, in na faɗi fa?"

"Sai ka faɗi, ka sake in kana so. Ni ban tambayi wanda zai ci ba. Wanda ya shigo nake ƙirgawa."

"Ko da ya faɗi yana cikin lissafi?"

"Yana ciki."

Ya gyara tabarau, ya soke alamar farko da layi miƙaƙƙe kamar an ja da igiya, ya yi sabuwa a ɗaya akwatin. Saura minti ashirin ƙarfe huɗu ta cika.

Ranar Asabar malamin ya shigo da kwali cike da duwatsu, ya buɗe takarda zai kira sunaye. Odessa ba ta jira shi ba, tun daga bakin ƙofa ta gama nata lissafin. Na sha biyun yana kujerar gaba kamar kullum, ya fere fensir biyu ya jera a kan tebur.