Wankan Jegon Tattabara

Shekarar da aka kai ni ɗaki, gidanmu yana wajen ganuwar Haɗeja, ta gefen da kogi ke malala cikin fadama idan damina ta yi nisa. Lokacin ba a san Nasara ba a ƙasarmu. Da ruwa ya janye, mijina ya bi ayari zuwa Barno sayen kanwa. Ya bar ni da kakarsa, wata tsohuwa mai kaifin baki, da tattabaru biyu farare da yake kiwo tun yana saurayi. Ranar tafiya, yana ɗaure wa jaki kaya, ya ce mini, "Ki duba mini su."

A shekarun nan abu kaɗan ya ishe ni in gina gari guda a raina. Idan namijin ya kumbura wuya yana zagaye macen, sai in ajiye taɓarya in tsaya kallo, ina cewa ga mijina nan, ga ni nan. Har na yarda muddin suna lafiya, shi ma lafiya yake a hanya.

A cikin wata tsohuwar tukunya da aka kafa a kan katanga suke kwana. Macen ta yi ƙwai biyu, ta ƙyanƙyashe. Da na leƙa na ga 'ya'yan, tsirara, ba ko gashin kirki, sai yayata ta faɗo mini a rai. Na yi zaman jegonta, na ga yadda ake dafa ruwa da ganyen tsamiya safe da yamma ana yi mata wanka, ana cewa in an yi sakaci sanyi zai shige ta. Na ce to wannan ma ai mai jego ce, kuma ba ta da kowa sai ni.

Bayan la'asar sakaliya, Kaka ta shiga maƙwabta, na ɗora tukunya. Allah ya taimake ni na surka ruwan, ban bar shi da zafin da ake yi wa mutum ba. Na kamo macen tattabarar, na tsoma ta cikin ƙwarya har wuya, na goga mata sabulun salo, ina yi mata sannu. Ta yi ta fizga, ni kuwa na ɗauka kunya ce.

Da na sake ta, ba ta iya tashi ba. Gashin ya manne mata a jiki, ta koma kamar rabin girmanta. Rana ta riga ta sauka bayan giginyu, iskar fadama ta fara kaɗowa. Ta rakuɓe a gindin turmi tana karkarwa.

A haka Kaka ta shigo.

"Ke amarya, miya za ki yi da ita?"

"Wankan jego na yi mata, Kaka."

Ta dube ni, ta dubi ƙwaryar da ganyen tsamiya ke yawo a ciki.

"Saura kunun kanwa da gasasshen nama. Ja'ira! Miƙo mini tsohon zanen can."

Ta naɗe tsuntsuwar, ta bar kanta a waje, ta zauna nesa kaɗan da murhu inda ɗumi ke isowa ba hayaƙi. Tana matsa zanen a hankali tana faɗa, ba ta ko kallona. Ta ce tsuntsu ba a yi masa wanka, shi ke yin abinsa. Jikinsa da wani maiƙo da ke hana ruwa ratsa gashi, sabulu kuwa ya wanke shi. Ta ce in ana so, da hantsi ake zuba ruwan randa a kasko, iya gaɓar yatsa biyu, a ajiye inda rana ke bugawa, a ba shi wuri. Kafin azahar ya bushe.

"Kuma ba ki lura ba? Da rana namijin ke kwanci, daga yamma ita ce. Yanzu wa zai rufe 'ya'yan?"

Ban lura ba. Duk kallon da nake yi musu, wannan ban gani ba.

Namijin ya tsaya a bakin tukunya, bai shiga ba. Kaka ta sa na kwaso 'ya'yan a ƙoƙo, na shimfiɗa musu auduga, muka ajiye kusa da uwar. Da asuba muka tarar ƙaramin ya mutu. Na binne shi a bayan rumbu. Babban muka mayar cikin tukunya, uban ya ciyar da shi.

Uwar ta yi kwana uku ba ta tashi sama. A na huɗu na ajiye kasko da hantsi, na koma bakin ɗaki na zauna. Ta daɗe tana zagaye shi. Can ta sa ƙafa, ta tsuguna, ta ɗaga fiffike ɗaya tana watsa ruwa, har wata farar ƙura ta taso a saman ruwan. Ta fito ta baje a rana.

Ta rayu, ta yi wasu 'ya'yan bayan haka. Amma daga ranar, in na fito tsakar gida da ƙwarya a hannu, ko gero ne a ciki, sai ta haye katanga ta jira in wuce.