Layi Biyu a Goshin Akwati

Ranar Laraba da hantsi, ina shagona a Bakura ina narka dalma a bayan wata rediyo, waya ta shigo. Hadiza ce, babbar 'yar Malam Bawa kafinta. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Baba Sani, Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe a zaune ina kallon hayaƙin dalma yana tashi siriri. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne, shi ke nan, ya tafi ban roƙe shi gafara ba.

Shekaru masu yawa muka yi a rumfa ɗaya a Talata Mafara muna haɗa kayan sauti na falo, irin waɗanda manyan mutane ke ajiyewa don sauraron karatu da waƙa. Ni ne mai ciki, wato waya da sifika. Shi ne mai fuska. Da katakon maɗaci yake yin akwatin, ya goge shi har sai ka ga inuwarka, ya rufe gaban da saƙi mai duhu, ya sa maɓallin murɗawa guda ɗaya tak na tagulla. In ya gama, sai ya ajiye shi tsakiyar rumfa ya zauna yana kallo, ko waya ba a jona ba. In na ce, "Haba Malam, mutum na jira!" sai ya ce, "Bari in fara jin shi da ido." Raina kan ɓaci, amma ban taɓa ganin an dawo mana da akwati ba.

Tambarinmu ma a bakin ruwa ya samo shi. Wata la'asar muka tsaya a madatsar Bakolori, iska na kaɗa ruwan a hankali, rana ta kwanta a kansa ja-ja. Ya tsura wa ruwan ido. Can ya ɗauki tsinke ya ja layi biyu masu lanƙwasa a kan yashi, ɗaya bisa ɗaya, ya ce, "Wannan ni, wannan kai." Tun daga ranar, da hannu yake sassaƙa su a goshin kowane akwati, da ɗan zurfi, don ko makaho ya shafa ya san namu ne.

Ni na ɓata abin, kuma yau zan faɗa a fili. Wani Alhaji a Maradun ya sa muka yi masa manya guda biyu, sannan ya ja ni gefe ya ce baƙinsa ba za su girmama kayan Mafara ba. Na samo ƙananan farantan ƙarfe biyu masu sunan wani kamfanin waje, na buga su da ƙusa a kan layukan nan. Da Malam Bawa ya je ganin yadda suka zauna a falon, ya tsaya a gabansu, ya sa yatsa ya taɓa faranti ɗaya. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Sani, ka rufe musu fuska." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kunya ta koma girman kai, na kwashe kayan aikina na dawo Bakura. Tun daga nan sai dai gaisuwa a wurin jana'iza ko ɗaurin aure, shi yana faɗaɗa ta, ni ina gajarta ta.

Bayan addu'ar uku, Hadiza ta ce in zo in ga wani abu. Ta buɗe rumfar. Ƙamshin maɗaci na nan, haske na shigowa ta hudar kwano kamar dā, har na ji kamar zai yi gyaran murya daga bayan ƙofa. A tsakiya ga akwati guda, an gama masa komai na waje, cikinsa fayau. Na kai hannu goshinsa. Layi biyu ne.

Na ce, "Ɗiyata, ashe bai cire ɗaya ba?"

Ta ce, "Ko sau ɗaya, Baba. Mutane sun sha ce mai ya cire, tunda kun rabu. Sai ya ce, ai Sani bai ce mini ya tahi ba, kayan aikinai dai ya ɗauka."

Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba a maƙabarta.

Ya Allah, ka jiƙan Malam Bawa, ka haskaka kabarinsa, ka rufa masa asiri yadda ya rufa mini nawa. Ka ba Hadiza da mahaifiyarta da ƙannenta haƙuri, ka tsaya musu a inda yake tsaya musu. Akwatin na wurina, gobe in Allah ya kai mu zan fara haɗa cikinsa. Ya Allah, shi ya yafe mini tun ban roƙa ba, kai ma ka yafe masa. Amin.