Audi Kuku da Ranar da Ta Ƙi Faɗuwa

Tsoron ya fara shigar Ja'afar ne bayan sallar isha'i, a ɗakin masu gadi na wata gona da ke Umm Salal, kusa da Doha. Ya idar da salla, ya ci 'yar shinkafarsa, sai ya ce bari ya kira kawunsa Audi ta bidiyo, ya ji yadda ya kwana biyu a ƙasar Turawa. Wayar na shiga, abin da ya fara gani ba fuskar kawun ba ce, rana ce. Tana tsaye ta bayan kansa, fara tas, kamar yanzu aka fito daga sallar la'asar.

"Kawu, ƙarfe nawa a wurinku?"

"Agogonsu ya ce bakwai ta wuce. Kai ma ka ga ai ƙarya yake yi."

"Ka sha ruwa kuwa?"

"Da wannan ranar? Kai ɗan boko, a wane littafi ka karanta haka?"

Audi ya yi dariya, amma Ja'afar bai taya shi ba. Ya ga leɓen kawun ya bushe ya yi fari, ya ga hoton yana rawa saboda hannun da ke riƙe da wayar yana karkarwa. A duk faɗin Doha kuwa, shi kaɗai ya san Audi yana da ciwon suga.

Audi mutumin Fagge ne a Kano. Mahaifinsa ladanin masallacin unguwa ne, wanda bai taɓa kiran magariba ba sai ya hau soro ya ga faɗuwar rana da idonsa. Ko an kawo masa agogo sai ya ce agogo ɗan Adam ne ya ƙera shi, rana kuwa Allah ne. Audi bai gaji kiran salla ba, amma ya gaji wannan. Ya fara da teburin shayi a bakin tasha, daga nan wani Balarabe Kwara a Bompai ya ɗauke shi wanke-wanke, har hannunsa ya faɗa a girkin Larabawa, bakinsa kuma ya tsinci Larabcin kicin. Da Kwaran ya tattara ya koma ƙasarsu, shi ya haɗa shi da wani gida a unguwar Al Gharrafa, a Doha. Tun 'yar Audi ta fari, Kausar, tana goye ya zo, ga ta yau a jami'a. 'Ya'yan gidan duk da shinkafarsa suka girma. Babban cikinsu, Mubarik, har yanzu Ammi Audi yake ce masa, wato baffa.

Audin ne ya samo wa Ja'afar, ɗan ƙanwarsa, aikin gadin nan, bayan yaron ya gama jami'a ya gaji da yawo da takardu ofis-ofis. Ranar Juma'a kuma, in ya sami hutun yamma, yakan zo Umm Salal da garin masara da kuka da daddawa, ya tuƙa wa Hausawan wurin tuwo. Masu gadi da direbobi su kewaye tire guda, a ci ana gumi ana santi. A nan yake haɗuwa da abokin wasansa Dogara, wani direba Bazazzage, su yi ta tsiya har tuwon ya ƙare.

Ciwon kuwa ɓoye shi ya yi. Ya taɓa ganin yadda aka yi da wani direban gidan da jinya ta kama: aka yi masa alheri, aka saya masa tikitin komawa gida, khalas, shi ke nan. Saboda haka yake ɓare ƙwayoyinsa daga kwali ya ƙulle a leda, ya sha a bayan ƙofar kicin. Da azumin bana jikin ya kayar da shi, ya sha kwanaki da dama, ya ce wa mutanen gida mura ce. Bayan salla zafi ya sauko, irin zafin Doha da in ka buɗe ƙofa sai ka ji kamar ka leƙa tanda. Ramuwa ta gagara a gaban murhu.

Ana nan sai kafil ɗinsa, wato maigidan da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya ce bana hutun zafi a Stockholm za su yi, babban birnin ƙasar Suwidin, kuma uwargida ta ce ba ta cin girkin kowa, da Audi za a tafi. Ya zo tuwon Juma'a yana washe baki.

"An ce garin kamar cikin firji yake. Can zan rama azumina a ɓagas, ko ƙishirwa ba zan ji ba."

"Bakano ke nan," in ji Dogara. "Har ibada sai ka nemi inda ta fi araha."

"To ku Zage-zagi da ba ku san ciniki ba, ku zauna nan rana ta gasa ku."

Aka kwashe da dariya, kowa yana cewa dabara ta yi. Sanyi kawai aka lissafa. Babu wanda ya tambayi tsawon yini a can, don duk wanda ke wurin, daga Kano har Doha, bai taɓa zama inda rana ke wuce lokacin da aka san ta da shi ba.

Da suka sauka, saƙonnin muryarsa suka fara shigowa zauren wayar 'yan tuwo. Audi mutum ne mai son kallo, kuma ya iya ba da labari. Ya ce garin a kan ruwa yake zaune, tsibiri-tsibiri, gada nan gada can, jirgin ruwa kamar motar haya. Ya ce akwai tsohon gari mai lunguna kamar na cikin birnin Kano, sai dai babu kwata babu akuya. An kai su wani gidan tarihi da aka ajiye ƙaton jirgin yaƙi na katako, wanda ya nutse ran da aka fara sa shi a ruwa, aka tsamo shi bayan ɗaruruwan shekaru.

"Jama'a, mutanen nan har asararsu suke nuna wa baƙi, kuma layi ake yi!"

Dogara ya amsa: "Da a Kano ne da tuni kun sayar wa masu gasa tsire katakon."

Abinci ne ya fi ɗaukar masa hankali, don sana'arsa ce. Ya ce suna jiƙa ɗanyen kifi a ruwan tsami da albasa su ci haka nan da dafaffen dankalin Turawa, ko yaji babu. Ya ce suna da wani burodi naɗaɗɗe mai kirfa da suke ci da kofi, kowa sai ya ajiye aikinsa ya zauna saboda shi, ƙanshinsa tun daga bakin titi yake kama mutum. Ya yi ta kwatanta shi, yadda ake murɗa ƙullun, yadda sukari ke ƙyalli a kansa. Ja'afar ne kaɗai ya lura cewa ƙanshi yake ta faɗa, bai cika faɗin ɗanɗano ba. Duk abin da ya gani da rana, sai dai ya saya ya sa a aljihu ya jira.

Bayan kiran nan na isha'i, Ja'afar ya bincika a wayarsa. A wannan watan, rana ba ta faɗuwa a can sai wajen goma na dare, kuma kafin mutum ya gama cin abinci ya wanke kwano, gabas ta fara haske. Duhun ma ba ya kammala. A ɗan tsakanin nan Audi zai yi buɗe-baki, ya sallami mutanen gida, ya yi sahur, ya haɗiye ƙwayar da aikinta shi ne sauke suga, sannan ya shiga yinin da ya kusa cinye daren gaba ɗaya.

Washegari ya sake kira.

"Kawu, don girman Allah ka ajiye azumin nan. Kai matafiyi ne, ga lalura. Allah da kansa ya ɗauke maka. In sanyi ya shigo Doha sai ka rama, ni ma in taya ka."

"Wa ya ba ka takardar cewa zan kai sanyin? Saura kaɗan, Ja'afaru. Abin da na ɗauko ba na ajiye shi a tsakiyar hanya."

"To ko ka bar shan maganin da asuba, mu tambayi likita."

"Likitan wa? Da wane baki? Su kai ni, ya faɗa musu?"

"In ba ka bari ba, ni zan kira Mubarik."

 Da Audi ya amsa, babu wasa a muryar.

"Kausar ba ta gama ba, ƙannenta suna bayanta. In ka buɗe baki ka faɗa wa mutanen nan, ban yafe maka ba. Ka ji ni da kyau?"

"Na ji, Kawu."

Daga ranar abinci ya daina yi wa Ja'afar daɗi. Lambar Mubarik tana wayarsa. Sau da yawa yakan buɗo ta ya zuba mata ido, sai kalmar nan ta kawun ta dawo masa, ya mayar da wayar aljihu. In an kira magariba a Umm Salal, ya ga abokan aiki suna alwala, sai ya ce a ransa can yanzu ne ma yamma ta fara.

Ranar Juma'a ta kama babban bikinsu na tsakiyar bazara. Maigidan ya kwashi iyali zuwa wani fili a kan tudu inda ake taruwa, Audi yana biye da kwandon abinci. Ya turo bidiyo. An kafa wani dogon itace an naɗe shi da ganye da furanni, mata da yara da rawanin fure a ka, ana kiɗa da goge, jama'a sun kama hannun juna suna zagayawa. Can sai suka saki hannu suka shiga tsalle a tsugune.

"Ku ga ikon Allah," muryar Audi ke nan daga bayan wayar. "Tsofaffi da furfura suna tsallen kwaɗo. Dogara, ga danginku." Ya ɗan tsaya yana numfashi. "Wai yau ana cikin kwanakin da suka fi kowanne tsawo, shi suke wa biki. Su suna murna ta ƙi faɗuwa, ni kuwa ita nake jira."

'Yan tuwo suka yi dariya, Dogara ya rama da tasa tsiyar. Ja'afar ya sake saurara, ya ji yadda kalmomin ke jan ƙafa, kamar harshen ya yi wa bakin nauyi. Ya kira, ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Ya bar tuwon da Dogara ya tuƙa, wanda dama duk gudaji ne, ya fita waje cikin zafin yana ta kira.

Ladan na ɗaga murya don magariba, wayarsa ta yi ƙara. Mubarik ne, yana magana da sauri, Larabci da Turanci a cakuɗe. Ya ce Ammi Audi ya ce musu zai je bayan bishiyoyi ya yi azahar. Kowa ya shagala da kallon rawa. Sai da ƙanwarsa ta nemi ruwa aka tuna da shi, aka same shi kwance a gefen dardumarsa, ba ya motsi. Babu wanda ya san tun yaushe. Suna asibiti yanzu. Likitoci sun ce sugansa ya faɗi ƙasa warwas. Sun sami dabino da burodin kirfa a aljihunsa, da wasu fararen ƙwayoyi a leda, ba suna ba kwali.

"Suna so su san maganin mene ne, yanzu-yanzu. Kai ɗan'uwansa ne. Ka sani?"

Ja'afar ya ce a ba shi ɗan lokaci. Dogara bai tambayi komai ba, ya ɗauko makullin mota ya ce, "Yalla, mu je." Suka isa Al Gharrafa. Mai kula da lambun gidan ya buɗe musu ɗakin Audi da ke bayan kicin. Gado a gyare, hular Juma'a a rataye, buhun garin masara a jingine a lungu. Ja'afar ya san wurin: wani babban gwangwanin madara da aka rubuta wa "yaji", wanda babu mai taɓawa a gidan don tsoron tari. Ya zare ledar yajin, ga kwalayen maganin a ninke a ƙasa.

Ya tsaya da kwali a hannu, wayar a ɗaya hannun. Dogara ya karanta abin da ke jiki, ya dube shi.

"Dama ka sani?"

"Ya ce in na faɗa bai yafe ba."

"To ya tashi tukuna, sai ya ƙi yafewar. Tura musu."

Ya ɗauki hoton ya tura. Mubarik ya kira nan take.

"Tun yaushe yake da shi?"

"Shekaru."

"Shekaru yana dafa mana abinci, bai faɗa ba? Me ya sa?"

 Ja'afar ya ji Mubarik yana jan hanci, sannan layin ya mutu.

A mota, a hanyar komawa, Dogara ya kifa kansa a kan sitiyari a wata danja har na baya suka yi ta hon. "Ni na fi kowa dariya ran nan," ya ce. 

Ranar Asabar Mubarik ya turo saƙo. Likitoci sun ce sugan ya dawo daidai, amma ya daɗe a kwance kafin a gan shi, kuma ba su san abin da hakan ya yi wa ƙwaƙwalwarsa ba. Yana numfashi da taimakon na'ura. Ko zai farka, ko in ya farka zai gane mutane, sun ce sai dai a jira. Hadijatu, matar Audi, ta kira daga Fagge ta ce kwana biyu ba ta ji Malam ba, ko bikin Turawan ne ya ɗauke masa hankali. Ja'afar ya ce mata ba ya jin daɗi, yana asibiti, a sa shi a addu'a. Ta ce, "Ja'afaru, ka faɗa mini gaskiya." Ya ce iyakar abin da ya sani ke nan, kuma kusan haka ne.

Yau Lahadi. Ja'afar yana bakin ƙofar gonar a cikin kakinsa, rana tana dukan kwanon rumfar, wayar tana hannunsa ya ƙure mata ƙara. Duk motar da ta tsaya sai ya ɗaga sandar ƙofa ba tare da ya dubi mai ita ba. Har yanzu Audi bai farka ba, Mubarik kuma bai sake kira ba.